Rabon Kifi a Ruwan Kogin Haɗeja

Duk kogin da aka datse, daga ranar da aka rufe ƙofofin madatsarsa ruwansa ya zama abin rabo. Hukumar ruwan sha tana da lissafin abin da birni zai sha, masu kula da noman rani suna da lissafin abin da kowace kadada za ta ci, kuma kowannensu yana da ofis da takardu da wanda zai tsaya masa a wajen taro. Abin da ya rage bayan kowa ya ɗebi nasa shi ake bar wa kogin, tare da kifin da ke cikinsa da masuntan da ke ci daga gare shi. Don gyara wannan ne ƙasashe da dama suka shigo da ƙa'idar cewa akwai wani adadi na ruwa da dole a bari ya ci gaba da gudana a ƙasan kowace madatsa, komai matsin buƙata, domin kifi ya sami wurin zama da wurin hayayyafa. Ƙa'ida ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta, amma abin da ya faru da Kogin Haɗeja cikin shekaru 50 da suka wuce ya nuna cewa idan aka ɗauke ta a matsayin lamba guda da za a riƙa saki dare da rana, rani da damina, tana iya kashe abin da aka ce za a raya.

Lambar da aka fi ambata a wannan fanni ta fito ne daga Amurka. A shekarar 1976 wani masanin kifi mai suna Donald Tennant, bayan ya daɗe yana auna koguna a jihohin Montana da Wyoming da Nebraska, ya fitar da wani ma'auni mai sauƙi. A lissafa matsakaicin ruwan da kogi ke ɗauka a shekara, sannan a duba kason da aka bar masa. Idan kashi 10 cikin 100 ne, kifi zai rayu da ƙyar na ɗan lokaci, idan kashi 30 ne mazauninsa zai kasance mai kyau, idan kuwa ya kai kashi 60 to kogin yana cikin ƙoshin lafiya. Sauƙin wannan ma'auni ne ya sa ya bazu a duniya, domin ba ya buƙatar komai sai tarihin awon ruwa da ɗan lissafi. Sai dai masu aron sa sun fi riƙe kashi 10 ɗin nan, wanda shi Tennant ya ajiye a matsayin bakin halaka, suka mayar da shi kamar shi ne haƙƙin kogi gaba ɗaya.

Kogunan da aka gina ma'aunin a kansu koguna ne masu gudana duk shekara, waɗanda ƙanƙarar da ke narkewa a kan duwatsu take ciyar da su, kuma kifinsu yana yin rayuwarsa kaf a tsakanin gaɓa da gaɓa. A irin wannan kogi tambayar ita ce ko ruwa ya rufe tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai a kai, ko zurfinsa ya isa kifi ya wuce, ko sanyinsa bai gushe ba. Kogunan yankinmu ba haka suke ba. Kafin a gina madatsu, Kogin Haɗeja kan kawo kusan dukkan ruwansa na shekara ne a cikin 'yan watannin damina, sannan ya janye har ya zama yashi da gurabe a tsakiyar rani. Idan aka ɗauki matsakaicin shekara na irin wannan kogi, an sami lambar da ba ta yi kama da kowane wata ba, domin ta yi wa Agusta kaɗan ƙwarai, ta kuma yi wa Maris yawa ƙwarai.

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ake kiran ruwan Kogin Haɗeja. Ya bi ta Ringim ya gangara gabas, kuma da ya kusa garin Haɗeja sai ƙasa ta shimfiɗe, tsofaffin tuddan yashi suka tare masa hanya, ya rarrabu zuwa rassa irin su Kafin Hausa da Burum Gana da Marma, wanda ke ƙarewa a tafkin Nguru. Daga kudu kuma Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, yana bi ta ƙasar Katagum ya shigo cikin wannan shimfiɗa, kuma ruwan biyu suna haɗuwa kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, wanda ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da jihar Diffa ta Nijar kafin ya faɗa Tafkin Chadi. Wannan shimfiɗar da ruwa ke malala a kanta ita ce dausayin Haɗeja da Nguru, kuma a can ne kifin yankin yake samuwa.

Wanda ya zauna da masunta ya san cewa kifin fadama yana bin kalandar ruwa ne. Da ruwan farko ya sauko a watan Yuni ko Yuli, jajaye da laka, kifin da ya kwana rani a gurabe yana ɗauke da ƙwai sai ya motsa. Tarwaɗa tana fita da dare zuwa bakin ruwa mara zurfi inda ciyawa ta nutse sabo-sabo, a can take zuba ƙwanta. Bargi yana gina sheƙa zagayayya a cikin ciyawar da ruwa ya sha, yana gadin 'ya'yansa a ciki, yauni kuma yana yin tasa sheƙar tana yawo a saman ruwa tsakanin ciyayi. Ƙarfasa tana haƙa ɗan rami a ƙasa mai laushi, wasu irinta kuma uwar tana riƙe ƙwai da 'ya'ya a bakinta har su yi ƙarfi. Ƙawara da ire-irenta suna bin ruwa garke-garke su fantsama cikin fadama. Kusan babu ɗayansu da ke hayayyafa a tsakiyar kwarin kogi. Abin da ke jawo su waje abinci ne, domin ƙasar da ta sha rana wata shida, da kashin shanun da suka yi kiwo a kanta, da ciyawar da ta bushe ta faɗi, da zarar ruwa ya rufe su sai su haifar da ƙananan halittu da tsutsotsi masu yawan gaske, waɗanda su ne abincin ɗan kifi a makonninsa na farko. Ciyawar kuma ita ce mafakarsa daga tsage da giwan ruwa.

Daga nan za a gane cewa abubuwa uku ne ke yanke yawan kifin shekara, kuma babu ɗayansu da ake gani a lambar mafi ƙarancin ruwa. Akwai faɗin ƙasar da ambaliya ta rufe, akwai tsawon lokacin da ruwan ya zauna a kanta, akwai kuma yadda ya hau da yadda ya sauka. Ruwan da ya tumbatsa ya janye cikin mako biyu yana barin ƙwai da 'ya'yan kifi a kan busasshiyar ƙasa, tsuntsaye su cinye. Ruwan da ya makara har kaka ta shiga yana tarar da lokacin zuba ƙwai ya wuce. Masu nazarin kogunan Afirka sun daɗe da lura cewa kamun da masunta ke yi a shekara yana bin girman ambaliyar wannan shekarar da ta shekarar da ta gabace ta, abin da tsofaffin masunta suka sani tun kafin a rubuta shi.

Bushewar rani ma tana da nata aikin, kuma a nan ne masu neman alheri ga kogi suka fi kuskure. Kifin yankinmu ya saba da ita. Gaiwa tana shiga cikin laka ta lulluɓe kanta ta kwanta har damina ta dawo, tarwaɗa tana shaƙar iska daga sama don haka tana jure ruwan da ya ƙafe ya yi zafi, sauran kuma suna taruwa a gurabe masu zurfi waɗanda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke riƙe su. Janyewar ruwa ita ce ke buɗe fadama ga manomin da ke bin danshi ya shuka wake da kuɓewa, ita ce ke ba makiyayi ciyawa a lokacin da daji ya ƙone, ita ce kuma ke kashe tsiron da ba ya jure ƙishirwa ta bar hanyoyin ruwa a buɗe. Abin da kifi yake buƙata a rani shi ne gurabensa kada su ƙafe ƙurmus kuma kada a kwashe iyayen da ke cikinsu.

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka kammala ta Challawa a 1992, kuma tsakaninsu suna riƙe mafi yawan ruwan da ke zuwa Wudil. An gina su ne don ruwan shan Kano da kuma manyan ayyukan ban ruwa, wato na Kadawa da Kura a jihar Kano da na kwarin Haɗeja a wajen Auyo, ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Aikin madatsa shi ne ta tare ruwan damina ta sake shi a rani, kuma haka suka yi. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 ambaliya kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na dausayin, amma a shekarun 1980 da farkon 1990 sau da yawa ba ta kai rabin haka ba. Adalci ne a faɗi cewa farin da aka yi a waɗannan shekaru yana da babban kaso a cikin wannan raguwa, ba madatsa kaɗai ba, sai dai madatsa ta zo ta ƙara wa mai ciwo nauyi a daidai lokacin da ya fi rauni.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi koyar da darasi a kan maganar mafi ƙarancin ruwa. Tun da aka fara sakin ruwa a rani don gonaki da famfunan birni, Kogin Haɗeja ya daina bushewa. A takarda wannan ci gaba ne, domin kogin da a da yake yashi a watan Maris yanzu yana gudana, kuma duk wanda ya auna shi da ma'aunin Tennant zai ce an kyautata masa. A ƙasa kuwa, ruwa mara zurfi mai tafiya a hankali wanda ba ya yankewa shi ne daidai abin da kacala take so. Ciyawar nan mai tsawo fiye da mutum ta mamaye hanyoyin ruwa, saiwarta ta riƙe laka, lakar ta taru, kuma babu wata babbar ambaliya mai ƙarfin da za ta wanke ta kamar da. Rassa irin su Burum Gana da tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja suka toshe, ruwan ya karkata zuwa Marma, ya zauna a kan gonaki da ƙauyukan wajen Nguru shekara da shekaru, alhali mutanen da ke ƙasa suna jiran ruwan da bai iso ba. A cikin dajin kacala kwale-kwale ba ya ratsawa, taru ba ya jawuwa, ruwan yana rasa iskar da kifi ke shaƙa saboda ruɓewar ganye, kuma tsuntsayen jan baki suna samun wurin kwana su tashi su faɗa wa gero da shinkafa. An kashe kuɗi da ƙarfi masu yawa wajen yanke ta da hannu da kuma injinan yashe kogi, amma muddin tsarin sakin ruwan bai sauya ba, tana komowa.

Saboda haka idan za a rubuta wa Kogin Haɗeja rabonsa, a ganina jadawali ya kamata a rubuta, wata bi wata. A cikinsa a faɗi lokacin da ruwan farko zai sauko don ya tayar da kifi, a faɗi girman ambaliyar Agusta da Satumba da adadin makonnin da za ta zauna, a haɗa sakin da lokacin da Kogin Jama'are yake cika domin ruwan biyu su ƙarfafi juna, a kuma faɗi yadda za a rage shi sannu a hankali don 'ya'yan kifi su sami hanyar komawa kwari. Sannan, abin da zai yi wa mutane da yawa baƙo, a sa iyakar sama ga ruwan rani, har ma a ware makonnin da za a bar wasu rassa su bushe. Masana a Afirka ta Kudu sun bi irin wannan hanya tun shekarun 1990, inda suke gina buƙatar kogi daki-daki, ruwan rani daban, ƙananan ambaliyoyi daban, babbar ambaliya daban, kuma sanarwar da masana suka fitar a birnin Brisbane na Ostareliya a 2007 ta bayyana rabon muhalli, wato ruwan da ake bar wa kogi don ya rayu, da cewa ya ƙunshi yawan ruwa da lokacinsa da ingancinsa. Jadawalin kuma dole ya bambanta shekarar wadata da shekarar fari, domin babu hikima a yi alkawarin da tafkin madatsa ba zai iya cikawa ba.

Ba a rasa misalin inda aka gwada ba, kuma ba nesa ba ne. A arewacin Kamaru an gina madatsar Maga da ganuwar bakin Kogin Logon a 1979 don noman shinkafa, sai wani ɓangare na fadamar Waza ya bushe, kifi ya ragu, ciyawar kiwo mai daɗewa ta mutu, mutane suka yi ƙaura. A 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da ganuwar ta toshe, ruwa ya sake malala a kan kimanin murabba'in kilomita 200, kuma cikin 'yan shekaru masunta da makiyaya suka dawo. A Kogin Senegal ma an yi ta sakin ambaliyar gangan daga madatsar Manantali don manoman fadama da masunta, kodayake buƙatar wutar lantarki ta riƙa cin ƙarfin wannan alkawari. Darasin da ke cikin na biyun ya shafe mu kai tsaye, wato rabon da ba a ɗaure shi da doka ba shi ne farkon abin da ake yankewa idan mai ƙarfi ya zo da tasa buƙatar.

Akwai hujjoji na gaske a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina su ba. Kano birni ne na miliyoyin mutane da ke ƙaruwa kullum, kuma ruwan shansu yana gaba da komai, a shari'a da hankali. Manoman Kura da Bunkure da Auyo sun gina rayuwarsu a kan ruwan rani, shinkafarsu da tumatirinsu da alkamarsu suna ciyar da ƙasa. Mutanen Ringim da Haɗeja da ƙauyukan da ke tsakani sun sha ganin ambaliya ta ci gidaje da gonaki, don haka duk wanda ya zo musu da maganar sakin ruwa da gangan a damina dole ya yi bayani mai gamsarwa. Amsar ita ce ambaliyar da aka tsara, aka sanar da ranarta, aka san iyakarta, ta fi sauƙin zama da ita a kan wadda ke zuwa ba shiri lokacin da tafki ya cika ya tumbatsa, kuma toshewar hanyoyin ruwa da kacala tana daga cikin dalilan da suka sa ruwa kaɗan yake yin ɓarna mai yawa a yau. Akwai kuma matsalar gini, domin ba a tsara mafitar Tiga don sakin babban ruwa a lokaci guda ba, saboda haka nauyin zai fi faɗawa kan Challawa. Game da riba kuwa, binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya gano cewa idan aka haɗa noma da kamun kifi da itacen da fadamar ke bayarwa, kowane ma'aunin ruwa da ya isa dausayin yana samar da amfani fiye da wanda aka karkatar zuwa babban aikin ban ruwa na Kano. Dalilin da ya sa ba a ganin wannan riba shi ne ta warwatsu a hannun dubban ƙananan mutane, a kwandon banda da ake kaiwa kasuwa da buhun shinkafar fadama, ba ta taruwa a rahoton wata hukuma.

Takardun yarjejeniya ba su yi ƙaranci ba. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da Yobe. A 2006 jihohin da ke cikin kwarin, wato Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, sun amince da tsarin kula da shi tare da kafa asusu na musamman. A 2012 ƙasashen Tafkin Chadi sun amince da kundin ruwa wanda ya ambaci rabon muhalli. Abin da ya bambanta dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998 shi ne ta ware ruwan buƙatun ɗan Adam na asali da ruwan da kogi ke buƙata don ya rayu a matsayin haƙƙi da ake cirewa tun farko, kafin a ba kowa lasisin ɗiba, kuma ko a can aiwatarwa ta yi wuya. A wurinmu wuyar ta fara ne daga awo. Rabon da aka rubuta ba shi da ma'ana sai an san, kowace rana, nawa ne ya wuce Wudil, nawa ya wuce Haɗeja, nawa ya isa Gashuwa, kuma an buga waɗannan lambobi inda Sarkin Ruwa na ƙauye da ɗan majalisa da ɗan jarida za su iya ganinsu. Ga kuma dubban injinan ban ruwa na ƙananan manoma da ke zuƙa a bakin kogi, waɗanda ba sa cikin lissafin kowa, alhali a rani jimillarsu ba ƙarama ba ce.

Ruwa kaɗai ba zai dawo da kifi ba idan hanyar kamun ba ta gyaru ba. Dumba, wato shingen da ake gitta wa hanyar ruwa baki ɗaya da jerin gurar kamun kifi, tana tare kifin da ke fita zuba ƙwai da wanda ke komowa, raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan da ba su kai ko'ina ba, kuma kwashe gurabe tas a rani cin iri ne. Tsohon tsarin da Sarkin Ruwa ke hana taɓa wani gurbi sai ranar da aka buɗe shi, wanda a kansa bukukuwan kamun kifi irin na Bade a Gogaram suka ginu, shi ne rabin dokar da ake nema, kuma masunta za su fi yarda su riƙe nasu ɓangaren idan suka ga masu riƙe da ƙofar madatsa suna riƙe nasu.

Inda maganar ta fi gaggawa a yau shi ne Kogin Jama'are. Babu babbar madatsa a kansa, ambaliyarsa tana zuwa a lokacinta, kuma shi ne ke kawo mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa zuwa Gaidam da Diffa, tunda kaɗan ne daga ruwan Haɗeja yake tsallake dausayin. Shirin gina madatsar Kafin Zaki a jihar Bauci ya daɗe ana tayar da shi ana ajiyewa, Bauci tana ganin noman rani da aikin yi, Yobe da Borno suna tsoron abin da zai sami fadamunsu. Idan har za a gina ta, to girman ƙofofin da za su iya sakin cikakkiyar ambaliya, da jadawalin sakin wata bi wata, da wanda zai sa ido a kai daga jihohin ƙasa da kuma Nijar, duk a rubuce suke buƙatar kasancewa kafin a zuba kankaren farko, domin ƙofar da aka gina ƙarama a Tiga tun 1974 har yau da ita ake aiki.